Amsa kan Rameswaram: wurin bautar Hindu, kabarin Habila da Ƙabila, da garin da teku ta cinye

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana karatu a Madurai da ke kudancin Indiya kuma abokan ajinku sun matsa sai kun je Rameswaram idan an yi hutu, kana so ka san me ke wurin, shin musulmi zai iya zuwa ko wurin 'yan Hindu ne kawai, sannan ka ji wai kabarin Habila da Ƙabila yana can da wata gada da ake ce ma gadar Annabi Adam, ko gaskiya ne.

Toh, a takaice ka je. Tarihin gaɓar tekun Indiya shi ne fannin da na yi karatu a kai, kuma cikin duk garuruwan bakin ruwa na kudu babu wanda nake tura ɗalibai kamar nan. Amma idan ka je da niyyar ganin wurin bauta kaɗai za ka dawo ka ce ba wani abu, don rabinsa ma ba za a bari ka shiga ba. Abun da ya kamata ka riƙe shi ne Rameswaram mashigi ne, nan ne Indiya ta fi kusa da Sri Lanka, kuma komai na garin daga nan ya samo asali, ibadar da sarautar da kasuwancin da jirgin ƙasan har da rigimar masunta da ake yi yau.

Garin yana kan tsibirin Pamban ne a gundumar Ramanathapuram, jihar Tamil Nadu, daga Madurai wajen kilomita 170, awa uku zuwa huɗu a bas ko jirgin ƙasa. Ba babban gari ba ne, ƙidayar 2011 ta ba shi mutum kusan 45,000, amma baƙin da ke shiga a shekara sun ninninka haka nesa ba kusa ba. Kana barin Ramanathapuram za ka ga ƙasar ta bushe, yashi da ƙaya da giginya ta ko'ina, giginyar tasu 'yar'uwar tamu ce, da ruwanta suke yin wani baƙin sikari mai kama da mazarƙwaila ana sayarwa a bakin titi cikin kwandon kaba. Ta arewa da tsibirin ruwan Palk ne, kwance yake lumui kuma ba zurfi, ta kudu kuma tekun Mannar ce mai igiya da iska. Daga ƙarshen tsibirin ta kudu maso gabas sai jerin tudun yashi da duwatsun ƙarƙashin ruwa ya miƙe wajen kilomita 48 har tsibirin Mannar na Sri Lanka, wani wurin ruwan bai fi mita ɗaya zuwa uku ba, shi ya sa manyan jiragen ruwa ba sa iya ratsawa sai sun zagaye Sri Lanka gaba ɗaya. Wannan jerin shi ne gadar da ka ji labari.

Bari in fara da abun da ke kai su can. A Ramayana, tsohon littafin labarin 'yan Hindu, sarkin Lanka mai suna Ravana ya sace Sita matar Rama, sai Rama ya tara rundunar birai ƙarƙashin su Hanuman suka jera duwatsu a kan teku suka tsallaka, aka yi yaƙi ya kashe Ravana ya ƙwato matarsa. Toh amma Ravana ɗan gidan Brahmin ne, wato ajin limamansu, kuma a addininsu kashe Brahmin babban zunubi ne, saboda haka da ya dawo wannan tsibirin sai aka ce ma Rama ya bauta ma Shiva, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu, don ya wanke kansa. Ya aiki Hanuman ya ɗauko masa linga daga dutsen Kailash, linga ɗin wani mulmulallen dutse ne a tsaye da suke ɗauka a matsayin alamar Shiva, Hanuman ya yi jinkiri lokacin da aka tsayar zai wuce, sai Sita ta cura ɗaya da yashin bakin teku aka yi da shi. Da Hanuman ya iso ransa ya ɓaci, don a lallashe shi Rama ya ce daga yau nasa za a fara yi ma hidima kafin na yashin. Har yanzu haka suke yi a wurin bautar Ramanathaswamy, linga biyu ne a ciki, kuma na Hanuman ake fara kai ma.

Wannan labarin ya ba wurin wani matsayi da ba kowane ke da shi ba. 'Yan Hindu suna da manyan ɓangarori biyu, masu bin Shiva da masu bin Vishnu, kuma a tarihi ba kullum suke jituwa ba, toh Rama a wurinsu siffa ce ta Vishnu, ga shi kuma a nan yana bauta ma Shiva, kaga ke nan kowane ɓangare yana ganin wurin nasa ne. Yana cikin wurare 12 na Shiva da suke kira jyotirlinga, sannan yana cikin manyan wuraren ziyara huɗu da suka kewaye ƙasar, Badrinath a arewa can cikin Himalaya, Dwarka a yamma, Puri a gabas, shi kuma a kudu. Akwai al'adar da ta haɗa shi da Varanasi, birninsu mai tsarki da ke bakin kogin Ganga, mutum ya ɗebo ruwan kogin Ganga daga arewa ya kawo ya zuba ma linga na nan, ya kuma ɗebi yashin nan ya kai Ganga, tafiyar sama da kilomita dubu biyu, kuma mutane sun yi ta a ƙafa tun kafin a san jirgin ƙasa. Shi ya sa a wannan lungu da kowa Tamil yake ji za ka riƙa jin Hindi da Gujarati da Marathi a titi, tsofaffi ƙungiya ƙungiya mata sun ɗaure da sari maza da kai a aske.

Tsarin ziyarar tasu wanka ne. Ana farawa da teku a wurin da suke kira Agni Theertham, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gabas, su nutsa da kayansu a jiki, daga nan a jiƙe sharkaf su shiga ciki inda akwai rijiyoyi 22, kowace rijiya akwai ma'aikaci a tsaye da guga yana ja yana sheƙa ma mutane a kai suna wucewa ta gaba, kowace da sunanta da zunubin da suka yi imani tana wankewa. Ruwan rijiyoyin ba gishiri kamar na teku duk da kusancin, kuma suna cewa kowace ɗanɗanonta daban. Abun ba mamaki a ilimin ƙasa, tsibirin yashi yakan riƙe ruwan sama a samansa yana yawo a kan ruwan gishiri tunda ya fi shi rashin nauyi, amma kada ka tsaya yi ma mai ibada wannan bayanin, ba shi ya kawo shi ba. Bakin Agni Theertham kuma nan ne suke yin sadakar iyaye da kakanni da suka mutu, za ka ga limamansu zazzaune a ƙasa da curin shinkafa da riɗi, musamman ranakun da wata ya ɓace, kuma a irin waɗannan ranakun na watannin Aadi da Thai na kalandar Tamil, wato wajen Yuli zuwa Agusta da Janairu zuwa Fabrairu, ko wurin sa ƙafa ba ka samu.

Shi ginin, ko ba ka da alaƙa da addinin sai ka jinjina ma magina. Abun da ya fi suna shi ne dogon baranda na waje da ya kewaye wurin, ana cewa babu wanda ya kai shi tsawo a wuraren bautar Indiya, ginshiƙai wajen 1,212 jere reras hagu da dama kowanne a sassaƙe, tsawon ɓangaren gabas zuwa yamma ya kusa mita 200, idan ka tsaya a wannan ƙarshen can ƙarshen yana tsukewa har ya zama ɗan haske. Ka tuna kuma tsibiri ne na yashi, yawancin dutsen nan ta ruwa aka yi jigilarsa lokacin da babu injin. Ba a gina shi lokaci ɗaya ba. Ana danganta ɗakin tsakiya da ƙarni na 12, har ana ambaton sarkin Sri Lanka Parakramabahu a aikin, sarakunan Jaffna na arewacin Sri Lanka su ma sun sa hannu, wanda ke nuna maka a lokacin ruwan nan hanya ce ba iyaka ba. Amma yawancin abun da ido ke gani yau aikin sarakunan Ramnad ne, wato Ramanathapuram, da ake kira Sethupathi, kuma babban barandan a ƙarni na 18 aka kammala shi zamanin Muthuramalinga Sethupathi.

Su waɗannan Sethupathi labarinsu ya fi burge ni fiye da na manyan daulolin da ake ta koyarwa. A farkon ƙarni na 17 sarakunan Nayak na Madurai, garin da kake zaune, suka tabbatar ma wani gida na ƙabilar Maravar sarautar yankin, aikinsu shi ne tsare hanyar masu ziyara daga 'yan fashi da kula da mashigin. Daga gadin hanya suka yi ƙarfi, suna karɓar kuɗin fito da harajin jiragen da ke bi ta mashigin Pamban da rabonsu na lu'ulu'u, har zamanin Kilavan Sethupathi, daga ƙarshen ƙarnin zuwa farkon na 18, suka daina sauraron Madurai. Fadarsu tana nan a Ramanathapuram, Ramalinga Vilasam, bangonta cike da zane na yaƙe-yaƙe da zaman fada har da Turawan Holan da suka zo neman yarjejeniya, kuma tunda a kan hanyarku take ku tsaya ko na awa ɗaya ne, yawancin mutane wucewa suke yi. Turawan Ingila sun tuɓe Muthuramalinga a 1795, daga baya gidan ya koma na masu ƙasa da ke biyan haraji. Wani daga zuriyar, Bhaskara Sethupathi, shi ne cikin waɗanda suka ƙarfafa ma malamin addinin Hindu Swami Vivekananda gwiwa ya je taron addinai na Chicago a 1893, kuma da ya dawo a Janairun 1897 a Pamban ya sauka.

Yanzu maganar shiga. Ciki can inda gumakan suke na 'yan Hindu ne kawai, kuma a Janairun 2024 babbar kotun jihar, wato kotun Madras, reshen Madurai ta yanke hukunci a wata shari'a kan wurin bautar Palani cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta da ke harabar wurin bauta, ta kuma ce a kafa allunan sanarwa a wuraren bautar jihar. Saboda haka ka tambayi masu gadi a ƙofa, inda suka ce ka tsaya ka tsaya, kada abokai su ce maka ai ba wanda zai gane, za a gane, kuma ko ba a gane ba bai dace ba. Takalmi a waje ake bari, waya da kamara ba a shiga da su, gajeren wando ma ba a so. Wankan rijiyoyin da shafa toka a goshi da abincin da aka miƙa ma gunki duk ibada ce a wurinsu ba wasan yawon buɗe ido ba, kai kuma ka san matsayin addininka a kai, idan aka miƙo maka ka sa hannu a ƙirji ka yi godiya ka wuce, ba wanda zai ji haushi, sun saba zama da musulmi shekaru aru-aru. Ko daga waje hasumiyar ƙofar gabas da titunan huɗu da suka kewaye wurin da asuba sun ishe ka kallo. Hukuncin shiga wurin bautar wasu don kallo kuwa wannan na malaman fiƙihu ne, ka tambayi wanda ka yarda da shi.

Sai kabarin Habila da Ƙabila. E akwai wurin, yana kusa da tashar jirgin ƙasa, dargah ce ƙarama, wato irin hubbaren da musulmin Indiya ke ginawa a kan kabarin wanda suke ganin waliyyi ne, a ciki akwai kaburbura biyu dogaye sosai gefe da gefe, mutanen wurin suna cewa na 'ya'yan Annabi Adam ne. Amma babu wata hujja ko ta tarihi ko ta nassi. Alƙur'ani ya kawo ƙissar a Suratul Ma'ida daga aya ta 27, bai faɗi wuri ba, bai ma ambaci sunayensu ba, kuma a ƙasar Sham kusa da Dimashƙa akwai wani wurin da shi ma ake cewa kabarin Habila ne. Yadda labarin ya zo nan ba wuya a gane. Tun da daɗewa akwai ruwayar da ta yaɗu a littattafan tarihi na musulmi cewa Annabi Adam a Sarandib ya sauka, wato Sri Lanka, a kan wani dutse mai alamar sawu a ƙololuwarsa, dutsen da 'yan Buddha ke cewa sawun Buddha ne 'yan Hindu kuma na Shiva. Tunda aka ce can ya sauka sai aka ce ta kan wannan jerin tudun ya tako zuwa babban yankin, daga nan sunan gadar Adam ya shiga taswirar Turawa, 'ya'yansa kuma aka sama masu makwanci a bakin hanya. Su Hindu suna ce ma gadar Rama Setu. Masana ƙasa kuma sun ce yashi ne da murjani da farar ƙasa da suka taru a kan tudun da ya taɓa haɗa ƙasashen biyu lokacin da teku ta yi ƙasa dubban shekaru da suka wuce. Ka je ka gani a matsayin tarihi, banda roƙo a kabari.

Abun da ya fi kabarin muhimmanci shi ne musulmin da suka riƙe shi. Gaɓar nan Larabawa suna kiranta Ma'abar, kuma tun kafin musulmin arewacin Indiya su iso da yaƙi musulmin nan sun zauna ta hanyar fatauci. Abu biyu ke kawo jirage, lu'ulu'un tekun Mannar da ya yi suna tun zamanin Rumawa, da dawaki, don sarakunan Pandya na Madurai duk shekara sai sun sayi dawaki masu yawa daga Tekun Fasha saboda ba sa daɗewa a yanayin kudu. Marco Polo ya bi ta nan a ƙarshen ƙarni na 13 ya ba da labarin masu nutso neman lu'ulu'u. Ibn Battuta ma a 1344 ya je Sri Lanka ya hau dutsen Adam, da zai tsallako Ma'abar jirginsu ya lalace a kusa da gaɓa da ƙyar aka ceto su, ya je wurin sarkin musulmi da ke mulkin Madurai a lokacin, don Madurai ta yi sarakuna musulmi daga 1335 na wajen shekara arba'in, kuma bai ɓoye irin zaluncin da ya ga sarkin yana yi ba. Ibn Battuta ɗin ne dai mutumin da bayan shekara tara, a 1353, ya iso Takedda a ƙasar Nijar ta yau ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir da Barno. Zuriyar waɗancan fatake su ne Marakkayar na garuruwa irin Kilakarai da Kayalpatnam, 'yan mazhabar Shafi'i ne, saboda haka idan ka bi su asuba za ka ji liman ya ɗaga murya da ƙunuti bayan ruku'u kowa ya ɗaga hannu. Suna da Tamil da suke rubutawa da haruffan Larabci, Arwi, kamar dai ajaminmu. Kilakarai ba nisa daga Ramanathapuram, tsofaffin masallatanta na dutse an sassaƙa ginshiƙansu da salon maginan yankin har za ka ɗauka wurin bautar Hindu ne sai ka lura babu siffar mai rai ko ɗaya. Turawan Fotugal da suka zo a ƙarni na 16 da waɗannan musulmin suka yi ta gwabzawa kan lu'ulu'un, an yi babban faɗa a Vedalai dab da Pamban a 1538, kuma a wannan rikicin ne masunta 'yan ƙabilar Paravar suka shiga Katolika don samun kariyar Fotugal, shi ya sa ƙauyukan masunta da yawa coci za ka gani a tsakiyarsu.

A cikin garin akwai titin masallaci, nan gidan su A.P.J. Abdul Kalam yake, masanin roka da ya zama shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007. A nan aka haife shi a 1931, mahaifinsa Jainulabdeen limami ne kuma yana da jirgin ruwa da yake fiton masu ziyara 'yan Hindu tsakanin Rameswaram da Dhanushkodi da ke ƙarshen tsibirin, kuma babban limamin wurin bautar abokinsa ne na kusa. Kalam yana yaro ya yi tallan jarida a garin. Ya rasu ranar 27 ga Yuli 2015 a Shillong yana tsaka da lacca, aka kawo shi gida aka binne a Pei Karumbu, an gina wurin tunawa da shi a can an buɗe a 2017, gidan nasu kuma an mayar da wani ɓangare gidan tarihi. Masallacin unguwar yana nan kusa, nan za ka yi salla, kuma ta wannan ɓangaren za ka fi samun abincin da ke da kifi ko nama na halal, don shagunan da ke kewaye da wurin bauta ganye ne zalla, idli da dosa da shinkafa a kan ganyen ayaba.

Bakin teku kuma in gaya maka gaskiya kada ka sa ran irin na Goa da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa shaƙatawa. Agni Theertham wurin ibada ne, ruwan ba tsabta, mutane suna yar da tufafin da suka yi wanka da su a ciki. Idan iyo kuke so akwai Ariyaman kafin a tsallaka gada, ruwan Palk ne mara igiya. Wanda ya cancanci wahalar shi ne Dhanushkodi, wajen kilomita 20 daga gari, hanya ɗaya miƙaƙƙiya a kan siririn yashi teku hagu teku dama, ɗaya shiru ɗaya tana hauka, har ka kai Arichal Munai inda ƙasar Indiya ta ƙare. Kada ka shiga ruwan can ko ka iya iyo, ruwa biyu ne ke haɗuwa yana ja ta ƙasa, kuma 'yan sanda suna korar mutane kafin duhu. A kan hanyar akwai wurin bautar Kothandaramaswamy shi kaɗai a tsakiyar fadama, inda suka ce ƙanin Ravana mai suna Vibhishana ya zo ya miƙa wuya ga Rama.

Dhanushkodi gari ne da. A 1914 Turawan Ingila suka buɗe gadar jirgin ƙasa ta Pamban, kilomita biyu da ɗan kai a kan teku, ta farko irinta a Indiya, tsakiyarta yana buɗewa biyu ya ɗaga sama jirgin ruwa ya wuce. Manufar ita ce haɗa Indiya da Silon, sunan Sri Lanka a lokacin, sai ka sayi tikiti ɗaya a Madras, wato Chennai ta yau, jirgin ƙasa ya kawo ka har bakin ruwa a Dhanushkodi, ka hau jirgin ruwa zuwa Talaimannar a tsibirin Mannar, ka sake hawa jirgin ƙasa zuwa Kolombo. Ta nan dubban 'yan Tamil suka bi zuwa aikin gonakin shayi. Garin yana da tasha da kwastan da gidan waya da asibiti da coci da makaranta. Daren 22 ga Disamba 1964 guguwa ta taso daga teku da igiyar ruwa mai tsayin wajen mita bakwai ta rufe garin, jirgin ƙasa na fasinja da ya taso daga Pamban yana dab da shiga tasha ruwa ya kwashe shi da mutum sama da ɗari ba wanda ya fita, jimillar waɗanda guguwar ta kashe a ɓangarorin biyu ana ƙiyasta wajen 1,800. Gwamnatin jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yau, ta ce wurin bai dace da zaman mutane ba, ba a sake gina shi ba. Yau bangon cocin da ginshiƙan tankin ruwan tasha ne a tsaye cikin yashi, sai bukkokin masunta da mata masu soya kifi da masu sayar da kwanson teku. Gadar Pamban ita ma guguwar ta kwashe mata sassa da yawa, wani matashin injiniya E. Sreedharan ya gyara ta cikin kwana 46, shi ne daga baya ya jagoranci ginin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Delhi. Gadar mota sai 1988 aka buɗe ta, kafin nan ko jirgin ƙasa ko na ruwa. Tsohuwar gadar gishiri ya cinye ƙarfenta aka rufe ta a ƙarshen 2022, sabuwa da ke gefenta wadda tsakiyarta ke ɗagawa sama gaba ɗaya aka buɗe ranar 6 ga Afrilu 2025. Shawarata ku shiga a jirgin ƙasa ku fito a mota, kowanne da irin abun da yake nuna maka.

Mashigin da ya ciyar da garin yanzu iyaka ce mai sojoji. Jirgin fito zuwa Talaimannar ya tsaya a farkon shekarun 1980 da yaƙin basasar Sri Lanka ya kunno kai, sai ya zama 'yan gudun hijira ne ke tsallakowa cikin dare a ƙananan jirage ana kai su sansanin Mandapam, har a 2022 da tattalin arzikin Sri Lanka ya durƙushe wasu iyalai sun sake biyo hanyar. Akwai wani ɗan tsibiri Katchatheevu da ba kowa a kai sai cocin Saint Anthony, Indiya ta amince na Sri Lanka ne a yarjejeniyar 1974 zamanin Indira Gandhi da Sirimavo Bandaranaike, kuma har gobe 'yan siyasar Tamil Nadu suna tayar da maganar duk lokacin zaɓe. Masuntan Rameswaram suna tsallaka layin saboda kifin ɓangarensu ya ragu, sojan ruwan Sri Lanka na kama su da jiragensu, sai ka ji an shiga yajin aiki jirage ɗaruruwa a ɗaure. Ni dai a ganina ba a faɗin rabin labarin a ɓangaren Indiya, manyan jiragen nan masu jan raga a ƙasan teku suna share komai har ƙwai da ciyawa, kuma waɗanda suke cutarwa su ma masunta ne 'yan Tamil talakawa na Jaffna da Mannar da yaƙi ya hana su kamun kifi shekara da shekaru. Akwai kuma aikin Sethusamudram da aka ƙaddamar a 2005 don a yashe hanya manyan jirage su riƙa ratsawa, ƙungiyoyin Hindu suka ce ba za a fasa gadar Rama ba, masu kare muhalli suka ce za a kashe murjani da ayun teku da ke tekun Mannar wadda tsibiranta 21 gandun ruwa ne na gwamnati tun 1986, kotun ƙoli ta dakatar da yasar wurin gadar a 2007 kuma aikin bai sake tashi ba. Idan hira ta kai nan da abokanka ka fi sauraro, batu ne mai zafi a wurinsu.

Lokacin zuwa, ka guji Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, damunarsu ke nan kuma lokacin guguwa, Afrilu da Mayu kuma zafi da gumi ba a magana. Janairu zuwa farkon Maris ya fi, sai dai ka duba kalanda kada ku faɗa ranar ɓatan wata ko bikin Shivaratri idan ba cunkoson kuke son gani ba, don kuɗin ɗaki ninkawa yake. Kwana ɗaya ya isa, biyu idan za ku haɗa da Kilakarai. Ka tafi da fasfo da takardar rajistarka ta ɗalibi, otal sai sun cike fom na baƙon ƙasar waje kuma ba kowane ƙaramin masauki ke karɓar baƙo ba, wasu ma na ƙungiyoyin masu ziyara ne kawai, gara ku kira kafin ku taso. Yankin iyaka ne, ana iya tsayar da kai a tambaye ka, kada ka ɗauki hoton sansanin sojan ruwa, kuma duk mai jirgin da ya ce zai kai ku ku taka gadar Adam a tsakiyar teku ku ce masa a'a. 'Yan a-daidaita-sahu za su yi maku tayin zagaye wurare a kuɗi ɗaya, ku yi ciniki tun kafin ku hau, za su kai ku tudun Gandhamadhana inda ake hango tsibirin duka, wannan ya yi, za kuma su kai ku inda aka ajiye duwatsu masu yawo a kan ruwa a ce da irinsu Rama ya yi gada, duwatsu ne masu ramuka da iska a ciki. Kwanson teku da murjani da ake tallansu kada ka saya da yawa, wasu nau'in dokar kare namun daji ta 1972 ta hana cinikinsu kuma ana iya ƙwacewa a filin jirgi har a ci ka tara.

Allah ya kai ku lafiya, ya ba da sa'ar karatu.